ZAMAN GIDA DON RENON YARA: WA ZAI BIYA FANSHON UWA?

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin iyayenmu mata, tsohuwar ma'aikaciya, ta gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Jimeta. Mun buga shi ne saboda roƙon 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.)



Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiya, iyayenmu malamai da masu unguwanni, 'yan kasuwa da ma'aikata, 'yan'uwana mata, da 'ya'yanmu samari da 'yan mata, ina yi wa kowa barka da zuwa. Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, ya kuma zaɓa mini batun da ya shafi kowane gida a cikinmu, daga Luggere zuwa Jambutu, daga Doubeli har cikin garin Yola. Batun kuwa shi ne zaman da uwa takan yi a gida don renon 'ya'ya, da abin da wannan zama yake jawowa game da fansho, da samun aiki daga baya, da kuma tattalin gida.

Tun da farko bari in share wata ƙura. Ban tsaya a nan don in ce wa matan aure su fita aiki ko su zauna ba. Wannan shawara ce tsakanin miji da matarsa, kowane gida kuma ya san abin da ya dace da shi. Magana ɗaya tak na zo da ita. Renon yara aiki ne cikakke, amma babu mai yanka masa albashi, babu kuma mai tara masa fansho. Saboda haka in gida ya zaɓi uwa ta zauna, to nauyi ne a kan gidan ya yi mata tanadin tsufa da sunanta, tun tana da ƙarfinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

AIKIN DA BA YA SHIGA LITTAFI

In aka tambayi maigida, "Alhaji, me iyalinka take yi?" sai ka ji ya ce, "Ai ba ta yin komai, tana gida." To, jama'a, wannan da ba ta yin komai ita ce take tashi tun asuba ta hura wuta, ta shirya yara makarantar boko, ta yi wanki da shara, ta ɗora tukunyar rana, da la'asar ta tura su Islamiyya, da dare ta kwana a zaune da mai zazzaɓi. A gidaje da yawa ita ce kuma take jinyar surukarta. Da a ce za a ɗauko mai dafa abinci, da mai wanki, da mai reno, da mai jinya, a biya kowannensu a ƙarshen wata, da maigida ya san nauyin da aka ɗauke masa.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ba. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa mata ne suke yin sama da kashi uku cikin huɗu na duk aikin kula da gida da ba a biya a duniya.

Har ila yau, Bahaushiya ba ta taɓa zaman gida hannu rabbana ba. Tana soya ƙuli-ƙuli, tana matsar man gyaɗa, tana dama fura, tana ɗinkin hula, tana kitso. Wata Baturiya mai suna Polly Hill da ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan wannan ciniki na cikin gida, ta nuna cewa kasuwa ce babba wadda ido ba ya gani. Sai dai mu tambayi kanmu, ina ribar take tafiya? Kayan ɗakin 'ya mace, gudummawar biki da suna, anko, cikon kuɗin cefane in na maigida bai kai ba. Ranar da guiwa ta ƙi, ido ya daina ganin zare da allura, sai a duba a ga babu abin da ya rage.

LISSAFIN FANSHO

Yanzu bari in juya ga 'yan'uwa da suka fara aikin albashi, malaman makaranta ne, ko ma'aikatan jinya, ko na ofis, sa'an nan haihuwa ta zo suka ajiye.

A tsohon tsarin fansho na gwamnati, wanda dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ta kafa, aka kuma yi masa gyara a 1992, shekarun aiki ake ƙirgawa. Wanda bai cika shekara 5 ba ba shi da komai. Daga shekara 5 zuwa 9 garatuti kawai zai karɓa. Sai an cika shekara 10 ake samun fansho, shi ma kashi 30 cikin 100 na albashin ƙarshe. Daga nan kowace shekara ana ƙara kashi 2, har a kai kashi 80 ga wanda ya yi shekara 35. Kun ga ke nan, malamar da ta ajiye aiki a shekara ta tara ta rasa fansho na har abada saboda shekara ɗaya. Wadda ta ajiye a shekara ta 12 kuwa kashi 34 ne nata, na ɗan ƙaramin albashin wancan lokaci, alhali ƙawarta da suka fara tare ta tashi da kashi 80 na albashin babban matsayi.

A 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka kawo sabon tsari na karo-karo, aka kafa hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom. A 2014 aka sake gyara dokar. A wannan tsari kowane ma'aikaci yana da asusunsa da lambarsa. Duk wata ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai ba shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun, kamfanin fansho ya riƙa juya kuɗin. Wannan shi ne tsarin ma'aikatan tarayya da na kamfanoni. Jihohi kuwa kowace da dokarta, amma ko wane tsari aka bi, shekarar da ba a yi aiki ba ba ta haifar da ko kwabo.

Mu yi ɗan lissafi. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. A ɗauka a kan wannan kuɗi ake cire wa wata baiwar Allah fansho. Kashi 18 cikin 100 ya kama Naira 12,600 a wata, wato Naira 151,200 a shekara. In ta zauna gida shekara 10, abin da bai shiga asusunta ba ya kai Naira 1,512,000. Wannan fa ban sa ƙarin girma da ƙarin albashi ba, ban kuma sa ribar da kuɗin za su haifa ba. Kuɗin da aka zuba tun ana ƙuruciya su ne suka fi daɗewa suna haihuwa, su ne kuma daidai waɗanda uwa take rasawa, don shekarun haihuwa da reno su ne shekarun fara aiki.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani. Dokar 2014 ta yarda wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, ya ciri har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. An yi wannan ne don ranar matsi. Roƙona ga 'yan'uwa mata, kada a kwashi wannan kuɗi a yi hidimar biki da su. Sauran kuɗin kuma ba su mutu ba don kin bar aiki. Suna nan da sunanki, ana ci gaba da juya su, in kin koma aiki a kan lambar nan za a ɗora. Ki adana lambarki kamar yadda kike adana sarƙarki.

KOMAWA AIKI BAYAN AN YAYE AUTA

Da yawa sukan ce, "Bari yaran su yi wayo in koma." Niyya ce mai kyau, amma duniya ba ta tsayawa jiran kowa. Akwai iyayenmu da suka ajiye alli suna riƙe da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, da suka waiwayo sai suka tarar NCE ce mafi ƙarancin abin da ake nema, ga kuma rajista da hukumar malamai ta ƙasa, TRCN. Ma'aikaciyar jinya ko ungozoma tana da lasisin da ake sabuntawa, ba a kuma sabunta shi sai da halartar kwas. Wadda ta bar ofis ana aiki da tafireta, yau kwamfuta za a ajiye mata. Ko jarrabawar JAMB tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Daɗin daɗawa, yawancin tallar ɗaukar ma'aikata tana zuwa da iyakar shekaru, ga dubban matasa da suka gama makaranta jiya suna layi ɗaya da ke.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Farfesa Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard a Amurka ta sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2023, kuma cikin abin da bincikenta ya nuna akwai cewa mafi yawan tazarar da ke tsakanin samun namiji da na mace masu aiki iri ɗaya tana buɗewa ne daga haihuwar ɗan fari.

Mu kuma muna da tamu ƙarin matsala. Aikin gwamnati a ƙasar nan da takardar shaidar ƙaramar hukumar asali ake nemansa. Wasunmu kakanninsu ne suka zo bakin Binuwai fatauci, an haife su a nan, sun haifa a nan. Wasu kuma takardarsu ta Kano ce, ko Katsina, ko Zariya, ko Sakkwato. Matar da ta sami gurbi da ƙyar, in ta sake shi, ba lalle ne ta sake samun irinsa ba. Don haka kafin a rubuta takardar ajiye aiki, a fara tambayar ofis ko akwai hutun karatu, ko hutu ba albashi, ko canjin wurin aiki zuwa kusa da gida. A kuma san haƙƙi: dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa hutun mako 12, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa in ta koma, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuwa aƙalla mako 16 ne. A 2021 ma gwamnatin tarayya ta amince wa maza ma'aikatanta hutun kwana 14 in matansu sun haihu.

Ga wadda ta riga ta ajiye, ƙofa ba ta rufe ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya nan Yola, ga Jami'ar Modibbo Adama, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga karatun daga-gida na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Dokar tarayya ta 2022 ta kai ritayar malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 da fara aiki. Wadda ta koma aji tana da shekara 40 tana da sauran shekara 25 a gabanta. Wannan ba kaɗan ba ne.

ALJIHUN GIDA

Adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Fita aiki ma yana da nasa tsada. A cire kuɗin keke napep kullum tsakanin Yola da Jimeta, da kuɗin mai reno, da abincin saye, da suturar fita, wani lokaci abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Ga tarbiyya kuma, wadda ba a sayenta a kasuwa. Gidan da ya yi wannan lissafi ya ce uwa ta zauna, bai yi laifi ba.

Amma gidan da yake tsaye a kan samun mutum ɗaya kamar rumfa ce mai dirka ɗaya. Mun ga yadda abubuwa suka koma bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2014 da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, gidajenmu suka cika da baƙi. Mata nawa muka gani a lokacin waɗanda dare ɗaya suka zama su ne uwa su ne uba? Waɗanda suke da sana'a a hannu ko takarda a jaka sun fi saurin miƙewa.

Wani zai ce, "Ai fanshona namu ne ni da ita." Allah Ya ja da ranka, Alhaji, naku ne muddin kana raye kuma auren yana nan. In rabuwa ta zo, da ta gama idda ciyar da ita ya sauka daga kanka, ko da ta yi shekara 25 tana dafa maka. In kuma ta Allah ta kasance, shari'a ta ba mace tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, in mamacin ya bar 'ya'ya, ko rubu'i in bai bari ba. Alal misali, in bayan an biya bashi da wasiyya dukiya ta tsaya a Naira 8,000,000, tumuni Naira 1,000,000 ne. In mata biyu ne kowace 500,000, in huɗu ne 250,000. Babu mai ja da rabon Allah. Hikimar kuwa ita ce shari'a ta ɗora ciyar da uwa mabuƙaciya a kan 'ya'yanta, ta kuma bar wa mace dukiyarta, sadakinta da ribar sana'arta, babu mai taɓawa sai da yardarta. Tambayar ita ce, mun bar ta ta tara dukiyar? 'Ya'yan kuma, in ƙanana ne ko ba su da aiki fa?

A can gida akwai gandu, akwai gidan gado, akwai dangi kewaye. A nan kuwa da yawanmu haya muke zaune. Matar da ta yi shekara 30 a Nassarawo ko Rumde, in aka ce ta tattara ta koma garin iyayenta bayan takaba, baƙuwa za ta zama a can. Wannan ya sa tanadin da nake magana ya fi zama dole a kanmu.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

A Jamus, duk yaron da aka haifa daga 1992, ana rubuta wa mai renonsa shekara uku a littafin fansho kamar ta yi aiki ta biya. A Ingila tun 1978 aka fara kare fanshon masu zaman reno, daga 2010 kuma ana lissafa wa mai renon yaron da bai kai shekara 12 ba shekarun nan. Dokar fansho ta Nijeriya ba ta da irin wannan. Ya kamata mu riƙa tuna wa wakilanmu a majalisa, amma kafin su motsa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Na farko, ga magidanta. A ware wa uwargida wani abu duk wata, daban da kuɗin cefane, a asusun banki mai sunanta da lambar BVN ɗinta. Ko Naira 200 ce a rana, a wata ta zama 6,000, a shekara 72,000, a shekara 20 kuwa 1,440,000. Tunda darajar Naira tana zaizayewa, in sun taru a mai da wani kashi tunkiya, ko gwal, ko fili. In fili ne, a rubuta sunanta a takarda, da shaidu. Kyautar da aka yi da baki ba a damƙa ba, ranar rabon gado gardama take zama. Mai mace fiye da ɗaya kuma ya yi adalci.

Na biyu, ga masu sana'ar cikin gida. A watan Maris na 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da tsarin fansho na masu ƙananan sana'o'i, inda mai ƙosai ko mai ɗinki za ta iya buɗe asusu a kamfanin fansho ta riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Tun farko an raba ajiyar gida biyu, wani kashi ana iya cira in buƙata ta taso, wani kuma sai tsufa. Ga masu gudun riba, a 2021 PenCom ta fito da asusu na shida, wanda ba a juya kuɗinsa ta hanyar ruwa. Ku je da katin NIN, ku sa a karanta muku ƙa'idoji dalla-dalla kafin ku sa hannu. Adashe yana da kyau, amma adashe na buƙatar bana ne. Ku kuma guji masu cewa kawo dubu goma ki karɓi ashirin, ba mu manta da MMM ta 2016 ba.

Na uku, ga wadda ta ajiye aiki. Ki riƙa sabunta lasisinki ko ba kya aiki. Ki koyi kwamfuta, ko a wajen ɗanki ne. Ki riƙe zumunci da abokan aikinki, don ta bakinsu ake jin labarin gurbi. In kina da sa'a biyu, ki koyar a Islamiyya ko makarantar unguwa, hannu ba zai manta ba.

Na huɗu, ga ma'aikata maza. Ku sanar da iyalanku sunan kamfanin fanshonku da lambarku da inda takardu suke. Dokar 2014 ta wajabta wa mai ba da aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, amma gidaje da yawa ba su san da ita ba. Kamfanin fansho kuma ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne rabon gado ba. Haka nan inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya mace ɗaya take ɗauka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sauran sai an yi musu rajista ta daban.

Na biyar, ga ƙungiyarmu. Ina ba da shawara a kafa ɗan kwamiti na tsofaffin ma'aikata da malamai, wanda zai riƙa raka matan da aka mutu aka bari zuwa kotu da ofisoshin fansho, don yawancinsu ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. A kuma buɗe ajin yamma na mata, na lissafin sana'a da kwamfuta. Ba ma buƙatar jiran kowa kafin mu fara wannan.

Ku kuma 'ya'yanmu da kuke shirin aure, ku zauna ku yi wannan magana tun kafin a shafa fatiha. Wa zai zauna da yara, har shekara nawa, me za a ajiye wa mai zaman? Babu kunya a ciki.

Mai girma shugaba, jama'a, kowannenmu a nan wata ce ta goya shi, ta hana idonta barci dominsa. Mafi ƙarancin sakayya shi ne kada ta tsufa tana miƙa hannu. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Jihar Adamawa da Nijeriya lafiya.